Sawu a Gindin Gatarin Kurege

Da ɗana na fari ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na bayan Rigachikun zuwa gidansa a Unguwar Rimi, ban zo da tarkace ba. Akwatina ɗaya, sai saiwar gatarin kurege da na ƙulle a bakin zani. Tsiro ne mai yaɗo, bakin ganyensa a lanƙwashe kamar yatsa, da shi yake kama abu ya hau. Furensa ja da rawaya, ka ce wuta ce take ci. Amma daga saiwa har fure guba ne. Da shi mahaifiyata take kashe mana kwarkwata, tana gamawa ta dirje hannu da toka.

Na binne shi a gindin katanga, bayan ɗakina. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, don haka na gauraya ƙasar da yashi, na kafa masa kara. Da kaka ya bushe ƙurmus, ka rantse ya mutu. Ruwan fari na sauka ya leƙo. Matan manya masu zuwa wajen matar ɗana sun sha tsayawa suna ɗaukar hotonsa a waya. Duk furanninsu na saye ne, ba wadda ta taɓa ganin irin nawa.

Daminar da jikana ya fara rarrafe, na fito da safe na ga tsiro ɗaya babu. Ba tonon kaza ba ne. Hannu ne, har an mayar da ƙasa an daddanna. Aka kwana biyu, wani ya sake ɓata. Guba ta bar hannuna, ban san hannun da ta shiga ba, kuma in wani abu ya faru cewa za a yi tsohuwa ce ta kawo ta gidan.

Na fara da mai gadinmu, wani Bazamfare.

"Malam, kai ka taɓa mini shuka?"

"Haba Hajiya, mi zan yi da haki? Ni ko bayan ɗakinki ban zuwa."

Yana magana ina kallon farcensa. Tas yake.

Sai na tankaɗe toka na barbaɗa a gindin shukar. Washegari da hantsi ga sawu raɗau: silifas ɗin mace, ƙaramar ƙafa. Mu biyu ne mata a gidan, ni kuwa ƙafata ta noma ce.

Me matar ɗana za ta yi da guba? Wa ya tsone mata ido? Na duba gidan kaf, ban ga wanda ya zo ya zauna mata a ka ba sai ni. Daga ranar na daina cin girkinta. Na ce cikina ne, na koma dafa ɗan abina a gawayi. Gaya wa ɗana kuwa bai taso ba. Yaron da ko sunansa ba na faɗa, da wane baki?

Rannan ta shigo da kunu, ta durƙusa.

"Mama, ko wannan ki daure ki sha. Kin rame fa."

"Fara sha ki ba ni."

Ta dube ni, ta kafa kai ta sha, ta ajiye.

Na ce, "To, ina saiwata?"

Ta sunkuyar da kai. "Mama, na kama mijin naki ya cafko ganyen zai kai baki." Jikana take nufi, haka muke wasa da shi. "Na kasa buɗe baki in ce miki a cire. Na ce in ina rage shi kaɗan-kaɗan, za ki ɗauka shi ya mutu."

"Ina kika kai ta?"

"Na zuba a shara."

Na dafe ƙirji na yi salati. "A shara! Ke 'yar nan, wanda bai san ta ba ai cewa zai yi abin ci ne! Ga yara masu tsince-tsince, ga awakin mutane!"

Muka fita ƙofar gida, muka kifar da duron shara. Ita da zinarinta a hannu, tana tona ɓawon doya. Muka samu saiwar da ta zubar a ƙarshe, na ƙone ta. Sauran, mai baron da ke kwasar mana shara ya riga ya kwashe. Na tsare shi, ya ce a bakin wani kwari yake zubarwa, an kuma jibga wata sharar a kai. Na daɗe in na ji an yi rasuwa a unguwa sai na tambayi me mutum ya ci.

Abin da ya rage na tone, na dasa a tsohon bokiti, na sa mai gadi ya rataye shi can saman katanga. Ba don ta faɗa ba. Don mijina ne.

Da damina ta zagayo, ni da matar ɗana muna cikin Keke Napep za mu Babbar Kasuwa, na hango jan fure yana hawa ciyawa a bakin kwarin nan. Na ce direba ya tsaya. Nawa ne, ko a mafarki na san shi. Ashe ƙasa ce ta riƙe shi, ba cikin ɗan kowa ba. Muka tone shi da tsinke ni da ita, muka taho da shi a leda.

Na koma cin girkinta, ta iya miya, ba zan ɓoye ba. Amma toka har yau ina barbaɗawa a ƙarƙashin bokitin.