Ranar da Baba Ya Je Neman Harafin A

Baba bai taɓa gamsuwa da yadda ake lissafin aji a lekol, wato makarantar boko ta Libreville, ba. A Kano inda ya taso, daga aji ɗaya yaro yake farawa ya yi sama. Ni kuwa na shiga kwaleji a aji shida, shekara ta zagayo na koma biyar, daga nan sai huɗu. Duk sanda na kawo masa albishir na ci jarrabawa, sai ya ɗago kai daga awon shinkafa ya ce, "Uwata, wannan ci gaba ne ko ci baya?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Lokacin nan kuɗin fetur ya cika gari. Ko'ina ka duba a bakin teku gini ake yi, leburori kuma ba sa barin kantinmu na unguwar Nombakélé ya huta, daga mai neman sardin sai mai neman burodi. Iyaye ba su da zance sai wane karatu ne zai kai yaro kamfanin mai.

Ina aji uku, shekarar da ake zana BEPC, jarrabawar fita daga kwaleji, wadda Baba yake kira "befese". A ƙarshen shekara aka ce kowa ya zo da mahaifinsa wurin matar da ke ba ɗalibai shawara kan fannin da za su bi a lise, wato babbar sakandare. Na yi wa Baba bayani a gida cewa fannonin haruffa ne, akwai A, akwai C, akwai D, kuma malamai suna ganin C za a sa ni.

Ya ajiye cokali. "C? Wa aka ba A?"

Na ce A ta masu harsuna da adabi ce, C ta masu lissafi. Bai saurare ni ba. Shi dai a saninsa kaya mai lamba ɗaya ya fi mai lamba uku, kuma 'yarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Umma ta ce, "Alhaji, ka bari ka ji ta bakinsu mana." Ya ce ai abin da zai je yi ke nan.

Ranar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a duk da ruwan da ake shekawa. Ya kira amininsa, wani direban tasi mutumin Maraɗi da muke ce wa Kawu, don ya kai mu kuma ya yi tafinta, saboda Faransancin Baba bai wuce na ciniki ba. A hanya Kawu ya riƙa ba shi baki. "Alhaji, ka bi ta a hankali. Matan ofis ɗin nan ba a ɗaga masu murya."

Madam ɗin 'yar ƙasa ce, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. Ofishinta ɗan tsukuku ne, fanka tana ta kaɗa takardu. Ta miƙe ta gaishe da Baba, ta ba shi kujera mafi kyau, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya shi. Amma bai fasa ba. Ya ce wa Kawu, "Gaya mata ban zo faɗa ba. Ina so in san laifin da yarinyar nan ta yi aka hana ta A."

Kawu ya juya maganar zuwa Faransanci. Madam ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga leɓenta ya motsa. Ta ce haruffan ba matsayi ba ne, ƙofofi ne kawai, kowace da inda take fita. Ta lissafa su a hankali, tana jira Kawu ya gama kafin ta ci gaba. A tana kai mutum ga koyarwa da aikin lauya. C tana kai shi ga injiniya. Akwai kuma CAP, shaidar koyon sana'a, ga wanda basirarsa take a hannu. Duk wanda ya bi lise kuwa, BAC ce jarrabawarsa ta ƙarshe.

Da Baba ya ji injiniya sai ya gyara zama. "Irin na kamfanin mai?"

"Irinsu," in ji Kawu.

Na zaci magana ta ƙare. Sai Madam ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke fa? Kowa ya yi magana ban da ke. Me kike so ki zama?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambaya a gaban Baba ba. Na ce da Faransanci, can ƙasa-ƙasa, ina so in zama likitar mata. Na gaya mata yadda nake raka matan unguwarmu asibiti ina yi masu tafinta, da yadda suke ɓoye rabin ciwonsu saboda kunyar likita namiji da kuma kunyata ni ƙaramar yarinya.

Kawu ya mayar wa Baba da Hausa, bai rage komai ba. Baba ya kalli tabon ruwa a gefen rigarsa. Can ya ce, "Uwata, me ya hana ki gaya mini?"

Na ce, "Ba ka tambaya ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Madam ta ce to hanyar a fili take: bana in shiga C, baɗi in koma D, fannin ilimin halittu, daga nan sai karatun likita.

Baba ya ware hannu. "Daga C zuwa D? Wato ƙasa za ta ƙara yi!"

Wannan karon Madam ta kasa riƙe dariyarta, Kawu ma haka, har shi Baban ya biye masu. Da za mu fita ya sa Kawu ya gaya mata ya ba ta amanar 'yarsa, ta sa ta duk harafin da ta ga dama. Washegari ya aika mata da kwalin madara, ta dawo da shi da godiya. Abin ya ba shi haushi, amma ya ƙara mata daraja a idonsa.

Daga baya duk Bahaushen da aka kira lekol a unguwarmu, kantin Baba yake fara biyowa. Sai in jiyo shi daga cikin gida yana bayani da ƙarfin gwiwa, yana haɗa wasu haruffan da wasu, Umma tana yi mini ido kada in gyara masa. Da ƙanena ya kasa lissafi, Madam ta ba da shawarar ya yi CAP na kanikanci. Baba da kansa ya kai shi, ya sayo masa shuɗiyar rigar aiki a kasuwar Mont-Bouët, wadda ta yi masa yawa har sai da Umma ta rage hannuwan.