Kwal ɗin Yaya a Chingford

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka fito daga Thamesmead, ni da mai ɗakina da wani maƙwabcinmu ɗan Ghana da ya ce zai raka mu ya ga gari. Gidan yayata muka nufa, a Chingford. Ita kaɗai take zaune a tsohon gidan da mijinta ya rasu ya bar mata, gida mai murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki wanda ake zuba wa kwal. Sau biyu a wata guda alam ɗin da ke gane gurɓacewar iska ya yi ƙara a falonta. 'Yarta ta yanke hukunci: idan ya ƙara na uku, za ta kwashe ta zuwa flat ɗinta a hawa na tara. Yaya ta kira ni tana faɗa, ta ce alam ɗin ne ya lalace, in zo in shaida.

Bas ta fara kai mu Abbey Wood, daga nan jirgin ƙasa na layin Elizabeth ya sauke mu a Whitechapel. 'Yan kasuwa na kafa rumfunansu, hannuwa a daskare. Muka sayi dabino da burodi mai zafi. Mai ɗakina ta taya kuɓewa, ta ji kuɗin, ta ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Muka ƙarasa tashar Liverpool Street, daga nan muka hau jirgin Chingford. Dogayen benaye suka riƙa raguwa, gidaje masu bututun hayaƙi suka ƙaru, har muka isa inda gari ya ƙare itatuwa suka fara.

Yaya ta tarbe mu da shayi mai citta. Ban zauna ba sai da na duba abu uku. Na farko alam, na danna, lafiyarsa ƙalau. Na biyu murhun, ƙofarsa na rufuwa ruf, kuma ta nuna min takardar mai share bututu. Na uku kwal ɗin, irin dunƙulallen nan marar hayaƙi da doka ta yarda da shi. Shi ma babu laifi, sai dai buhunan leda huɗu na jingine dab da murhu, a kan kafet.

"Yaya, me ya kawo su nan?"

"Su sha ɗumi mana. Kai dai Sarkin Doka, ka zauna ka ci abinci."

Na zauna. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, kabewar Turawa ta sa amma ta yi daɗi. Maƙwabcinmu ya yi ƙari sau biyu.

Bayan azahar na ga abin da idona. Yaya ta buɗe murhu, ta ɗauko kwal ɗaya jajur da awartaki, ta sa a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta zagaya da shi ɗakuna. Da ta gama sai ta yayyafa masa ruwa, ya yi cuu, ya koma baƙi, ta nufi buhu da shi.

"Tsaya, Yaya!"

"Me kuma? Ya mutu. So kake in zubar? Almubazzaranci ke nan."

Haka mahaifiyarmu ke yi da gawayi a Kano. In an gama girki a kashe shi da ruwa, a mayar buhu, gobe a sake hurawa. Na karɓi awartakin, na fita da kwal ɗin bayan gida, na ɗora a kan siminti, na buga masa guduma. Ya rabe biyu. Cikinsa ja wur.

Maƙwabcinmu ya ce, "Kai! Wannan abu munafuki ne, Hajiya."

Muka dawo muka ɗaga buhun da take mayarwa a ciki. Gindinsa ya narke wuri uku, kafet ɗin ƙarƙashi ya yi tabon ƙuna kamar faɗin tafin hannu. Yaya ta daɗe tana kallo. Sai ta nuna kujerar da ke gefen buhun, ta ce a hankali, "A kujerar nan nake yin barcin rana."

Na yi mata bayani bi da bi. Ɗaya, kwal yana riƙe wuta a cikinsa bayan bayansa ya huce. Biyu, idan yana ci a wajen murhu yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, ita alam ke ji. Uku, leda da kafet ba sa zama kusa da murhu.

Sannan muka kama aiki. Buhunan duka muka kai ɗakin ajiya na bayan gida, muka ɗora a kan katako don kada damshi ya kama su. Na sauka titi na sayo bokitin ƙarfe biyu. Ɗaya na kwal ɗin yini guda kawai, muka ajiye shi a kan tayil, taku biyu daga murhu. Ɗayan mai murfi, na toka, wurinsa waje. Mai ɗakina ta yi alkawarin aiko mata kaskon turare na lantarki. Dokar ƙarshe na rubuta ta da manyan baƙaƙe na manna a bango: abin da ya shiga murhu ba ya fitowa sai ya zama toka.

Yaya da kanta ta kira 'yarta, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Ba ta ɓoye komai ba, har tabon kafet ta faɗa. Cikin Hausarta ta 'yan London yarinyar ta ce, "Kawu, ka tabbata?" Na ce na tabbata da abin da na gani da abin da na gyara, sauran yana hannun uwarki. Ta ce to, a bar ta zuwa ƙarshen sanyi a gani.

Mun iso Thamesmead da magariba, ta hanyar da muka bi. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, hannu yana ci gaba da aikin da ya saba ko da kayan aikin sun canza. Yaya ba ta yi sakaci ba, tarbiyyar gida ta bi, sai dai kwal ba gawayi ba ne. Yau kwana tara ke nan. Kullum da safe tana kirana ta ce, "Sarkin Doka, alam bai yi magana ba, kuma ina gidana."