Ranar da Lefe Ya Shiga Gabi a Amalanke

Kome zan manta a duniya, ban da ranar da muka kai lefen ƙanena garin Gabi. Yau 'ya'yansa har sun shiga lakkol, wato makaranta, amma har yanzu in na ga shuɗiyar fitila a cikin mota sai na ji warin ƙonanniyar roba a hancina.

Ƙanen nawa direba ne. Yana jigilar mutane da kaya tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa a wata tsohuwar mota da ya gada wajen mahaifinmu. Yaro ne mai kirki, ciwonsa ɗaya, son kwalliya. Motar nan ƙofarta ta baya sai da igiya take rufuwa, allurar da ke nuna zafin inji kuwa ta mutu tun Baba na da rai, amma madubinta ya sha tuntaye, kujerunta sun sha zane. Ni kuma mai suyar kifi ce a bakin tasha, bakina ba ya ajiye magana, don haka kullum muna cikin yi da shi.

Yarinyar da yake so a hannun gwaggonta ta tashi, kuma gwaggon nan ce mai ta cewa a gidan. Tun farko ba ta so shi ba. Ta ce ɗan gayu ne, irin waɗanda ke wanke mota su bar gida ba hatsi. Aka sa ranar kai lefe, tela ya saɓa mana, muka ɗaga. Sai gwaggon ta aiko cewa in aka sake saɓawa a bar maganar, akwai wani ɗan dangi da ya dawo daga ci-rani a Najeriya yana jira. Aka tsaida sabuwar rana, bayan azahar.

Ana cikin haka ƙanena ya tuna yarinyar ta taɓa ce masa duk cikin launuka ta fi son shuɗi. Ya sayo wasu ƙananan ƙwayayen fitila na zamani a Ɗan Issa, waɗanda ake kira led. Ya kalli yadda ake yi a waya, ya kwance tablo, allon nan da ke gaban direba, ya zare tsofaffin ƙwayaye ya jera shuɗaye. Babba da ƙarami, bai bar ko ɗaya ba. Jajibirin tafiya bayan magariba ya kira ni in gani. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau, lambobin nan suna ta ƙyalli kamar tafki da hantsi.

"Yaya, ya kika gani?"

Na ce, "Ya yi kyau, amma ba a fafe gora ranar tahiya."

Ya ce, "Ke dai ba ki san zamani ba."

To, kowa ya sani ango ba ya zuwa kai lefe, aikin mata ne. Saboda haka Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi zai ja mu. Baffa tsohon direban babbar mota ne, bai taɓa zama aji ba, kuma iliminsa na tablo ɗaya ne tak: in ja ya kama a tsaya, in bai kama ba a taka. Da wannan ya ci Agadas, ya ci Kano, ya dawo lafiya. Da a ce shi ya murza makulli ran nan, da ya lura jajayen fitilun da ke kamawa kafin inji ya tashi ba su kama ba. Amma ƙanena ne ya tada motar, ya bar ta tana aiki don batirinta ba shi da tabbas, sannan ya sulale kafin iyaye mata su fara yi masa tsiya. Baffa ya zo ya tarar da mota tana kuka, ya yi bismilla ya shiga.

Muka ɗauki hanya, ni a gaba, Inna ƙanwar mahaifiyarmu da wasu mata biyu a baya, akwatuna a sama. Kowa ya ci leshi ya sha turare. Mun bar gari da nisa sai na ji wani wari.

"Baffa, ba ka jin wani abu na ƙauri?"

Ko juyowa bai yi ba. "Warin kihinki ne, ɗiyata. Ya biyo ki har cikin leshi."

Su Inna suka kwashe da dariya. Da muka ƙara gaba na ji zafi yana dukan ƙafafuna, na sake magana. Baffa ya ƙwanƙwasa tablo da yatsa.

"Kin ga ja nan? Tun ba a haihe ki ba nake tuƙi, ja bai taɓa yi mani ƙarya ba. Lahiya lau muke."

Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe gaban motar. Ta yi tari, ta yi wata jijjiga, ta mutu a cikin yashi tsakanin gonakin da aka gama girbe.

Baffa ya buɗe gaba, ya tarar tiyon ruwa ya fashe, ba ko ɗigo, inji ya yi zafin da ba a taɓawa. Can ya dawo ya murza makulli, ya lulluɓe kansa da tablo da babbar rigarsa don ya yi duhu. Ya kira ni na leƙa. A lungu, inda jar fitilar zafi take, akwai wani ɗan ɗigo dishi-dishi, ba ja ba, ba shuɗi ba. Ashe gilashin wurin ne ja, shuɗin haske kuwa ba ya iya ratsa shi. Motar nan tun can baya take kira, ba mai jin ta.

Baffa ya ce, "Wanga yaro ya toshe ma mota baki. Garin neman gira ya rasa ido."

Waya ba rezo, ba damar kiran kowa. La'asar ta yi, inuwa ta fara tsawo. A nan fa tsoro ya kama ni na gaske. Duk tsiyar da nake yi wa yaron nan, ni na goye shi, kuma na san in ya rasa yarinyar nan ba zai sake zama daidai ba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi.

Allah ya jefo mana wani bawan Allah da amalanken shanu, ya ɗoro harawa zai shiga Gabi. Na tare shi na faɗa masa halin da muke ciki. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya taya mu ɗora akwatunan. Baffa ya zauna gadin mota, mu kuma muka hau kan harawa da leshinmu da ɗan kunnenmu. Shanun nan ba ruwansu da lefen kowa, tafiyarsu suke yi yadda suka saba.

Rana ta yi ja muka shiga gari, yara na biye da mu. Matan da aka tara don tarbar lefe yawancinsu sun watse, abinci ya huce. Gwaggo na zaune kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa. Ta dube mu daga sama har ƙasa, da ganyen harawa a ɗankwalayenmu.

"Sannunku da zuwa. Ashe azahar ɗin Madarumfa daban take da tamu. Ina motar da ake ta yi muna kuri da ita?"

Inna ta fara kame-kame, wai taya ce ta fashe. Na san ƙaryar ba za ta kwana ba, mai amalanke yana ƙofar gida yana ba da labari. Sai na durƙusa na ce, "Gwaggo, ba taya ba ce." Na kwashe kome na faɗa mata, tun daga ƙwayayen Ɗan Issa har zuwa rigar Baffa. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Don ɗiyata ta ce tana son shuɗi?"

"Don haka ne, Gwaggo."

"Har ya ƙona motar da yake ci da ita?"

"Har ya ƙona ta."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har da hawaye, ta goge da bakin zane. Ta ce, "Ni tsoron da nake, ɗan gayu mai son kansa. Wanga ba kansa yake so ba, wauta ce ke damunsa, ita ko tana da magani. Ku buɗe akwatunan." Aka buɗe, rabin kayan shuɗaye ne, dariya ta dawo sabuwa. Da za mu tashi ta riƙe hannuna. "Ki ce masa na ba shi. Amma ya sani, wadda zai ɗauka ni na raine ta. In ta ga ja, ja za ta ce masa."

Motar ta daɗe a gareji, ango ya yi hidimar bikinsa a bayan babur ɗin aboki. Da aka gyara ta, Baffa ya tsaya a kansa har ya maida tsofaffin ƙwayaye a wurin jajayen fitilu, aka bar masa shuɗinsa a kan lambobi. Gwaggo kuwa ba ta yi ƙarya ba, matar nan ba ta ɓoye masa kome, kuma gidansu na zaune lafiya.

Abin da na koya ran nan shi ne, kome mutum zai yi wa kwalliya ya yi, amma ya bar wa mai faɗa masa gaskiya bakinsa, ko da maganar ba ta da kyan gani. Har yau in ƙanena ya ce bakina ya cika zafi, sai in ce masa ai ya taɓa gwada motar da ba ta magana, ya ga inda ta kai mu.