Filafilin Kawu Teku

Ku da kunka san Kawu Mamman, yayan innata, wanda duk Illela ke kira Kawu Teku, ku faɗi tsakaninku da Allah: in ba sallah ba, wa ya taɓa ganin shi zaune? Tuwo ma a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a zaure ɗaya a waje, ido yana kudu, ga filafilin tuƙa jirgin ruwa a kafaɗa. Filafili fa, a garin da jaki ne jirginmu!

Lokacin babban yaƙin Turawa anka zo da mota anka kwashi samari aikin lebura, Kawu na ciki. Anka kai su wani ƙauyen masunta a bakin teku, kusa da Ikko. Soja sunka ja waya tsakanin mutane da ruwa, wai jiragen Jamus na yawo a ƙarƙashi. Jiragen masunta anka jawo su tudu, rana ta farfasa su. Samarin ƙauyen sunka koma ɗaukar akwatuna. Mutanen da sunka tashi cikin kifi, in ji Kawu, sai ga su suna layin na gwangwani. Mai masaukinsa, wani tsoho Baba Ojo, kullum sai ya shiga jirginsa a kan rairayi ya zauna yana kallon waya. Da ciwon ajali ya kama shi, ba ɗansa ko ɗaya kusa, ya miƙa wa Kawu filafilin ya ce in an buɗe bakin ruwa, ya tsoma masa shi a ruwan gishiri. Ba a buɗe ba akwati ya faɗo wa Kawu a ƙafa, anka sallamo shi gida da ɗingishi da itacen mutane.

Tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba, mu ma bai bar namu ya kwanta ba.

Ranar bikina muciya ta karye ana tsakiyar tuƙin tuwo a babbar tukunya. Inna ta lallaɓa ta ɗauko filafilin inda ya jingine shi zai yi alwala. Wayyo! Da hannu ɗaya wanke ya faɗo tsakar gida cikin mata.

"Hajo! Mi kike yi?"

"Yaya, tuwon ɗiyarka na. Ai shi ma tuƙi na."

Ya fizge, ya ɗanɗani abin da ya manne, ya yamutsa fuska. "Da kin cika gishiri da na yahe miki. Ko wannan ba ki iya ba!"

Wata ranar kasuwa zai ƙetara Ƙonni, wani sabon jandarma ya tare shi, ya juya filafilin ya sake juyawa.

"Tsoho, wanga makami na?"

"Na tuƙa jirgi na."

"To ina jirgin?"

"Irinku sunka kashe shi."

"Ina ruwan?"

"Shi nika nema, yaro. In kana da shi aljihu, hiddo."

Jandarma ya miƙa masa kayansa ya ce Allah ya sawwaƙe.

Kada ku ce ba a nemar masa mafita ba. Direbobin da ke zuwa Ikko sun yi ta roƙonsa ya ba su su tsoma masa. Ya ce, "Ni anka ba, ba ku ba." Sunka ce to ya shigo su kai shi kyauta. Ya ce, "Mota ta ɗauke ni daga gidan ubana sau ɗaya, ba ta ƙarawa." Taurin kai dai, Allah ya zuba masa shi ba awo.

Ranar da anka ba mu mulkin kai, ana ta kiɗa da guɗa, ya ratsa taro ya tare malamin makaranta: "Malam, Turawa sun tahi? To an ɗebe wayar?" Malam ya ce wace waya. Washegari Kawu ya bi masu kora shanu kudu, a ƙafa. Ko Gwadabawa bai kai ba ƙafar ta kumbura. A kan jaki anka dawo da shi, ana tafe yana zagin jakin.

Mun yi dariya har da hawaye. Amma ni da na kai masa fura na tarar da shi jingine da bango yana shafa itacen nan, yana cewa, "Baba Ojo, ka yi haƙuri." Wallahi tausayinsa ya kama ni, furar ma a ƙasa na ajiye na fita.

Shekarar da zai rasu, da kaka, ya aiko a kira ni. Ya ce in sayo kantun gishiri, in sa maigidana ya kawo jaki, za mu tafkin Kalmalo. Kalmalon da ya shekara yana kira ruwan wanke ƙwarya! Munka isa, ya shiga har gwiwa, ya farfasa gishirin ya zuba a gabansa. Masunta sunka bar taru suna kallo. Ɗaya ya ce, "Baba, miya za ka yi muna?"

Kawu ya ɗebo ruwan da tafin hannu ya kurɓa, ya ce, "Ya yi." Sannan ya tsoma filafilin, ya ja sau ɗaya, a hankali, ya ce wani abu da Yarbanci.

Ya fito, ya miƙa wa wani matashin masunci filafilin. "Riƙe. Kada ka bari shi bushe."

Sai kawai na ga Kawu ya nemi gindin wata bagaruwa ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Ɗiyata, akwai sauran fura?" Na juya baya ina kwance ƙwarya don kada ya ga idona.

Allah ka san abin da bawanka ya ɗauka, ka kuma ga inda ya sauke. Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya yafe masa, ya ba shi wurin zama mai sanyi. Amin.