Kilishi a Aljihun Mushe

Ina da garka a Jiratawa, ta zogale da ɗan tumatir, wadda nake zuwa ran Asabar idan babu lakwal, wato makarantar da nake koyarwa. Da awaki suka matsa mata, sai wata innata a Tsibiri ta ba ni ɗan kwikwiyo ja mai farar wutsiya. Ya yi ƙanƙanta a bar shi can shi kaɗai, don haka na kawo shi gidanmu a unguwar Zariya, cikin gari, kafin ya yi ƙwari.

Ban taɓa kiwon kare ba. A gidan da na tashi, kare abin kora ne. Shi kuwa wannan ya tauna takalmin matata, ya bi zanen duk wadda ta gifta da cafka. Da na rasa dabara, sai na shiga intanet a salula, na yi rajistar darussan horar da kare, matakin farko. Wata Baturiya ce ke koyarwa da Faransanci. Ta ce ba duka, ba tsawa. A durƙusa daidai tsayinsa, a riƙe ɗan abin ci sama da hancinsa, in ya zauna a ba shi, a yabe shi da siririyar murya kamar ana yi wa jariri wasa.

Muryar nan ta fi komai yi mini nauyi. Ni da ake kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ko tari na yi aji ke yin tsit. Sai na sa wa ƙofa sakata nake yi, bayan la'asar, da gutsuren kilishi a aljihu. Kuma abin yana ci, kwikwiyon ya fara zama tun kafin in rufe baki.

A ƙarshen darasin ana so kowa ya aika bidiyo. Matata ta riƙe salula tana danne dariya. Mai ruwa ya fita bai daɗe ba, ba wanda ya tuna da ƙofa. Ina kan gwiwoyina ina cewa, "Zauna! Yawwa, ɗan kirki, yaro mai hankali!" yana lasar yatsuna, sai na ga matata ta sauke hannu.

Mahaifinta ne tsaye a bakin zaure. Alhaji babban ɗan kasuwa ne, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ashe ya yi ta sallama ba mu ji ba.

Ya ce, "Mushe, karatu ake?"

Ga ni dama a durƙushe, sai dai ba don shi ba. Na miƙe, na kai hannu, na tuna da yawun kare, na janye. Shi ma ya mayar da nasa baya da carbinsa. Kwikwiyon ya taka har gabansa, ya zauna daram, ya ɗaga kai yana jiran lada.

"Mi kake ba shi?"

"Gutsuren kilishi ne, Baba."

Ya dubi kwikwiyon. Can ya ce, "Akwai gidajen da rabonsu da nama tun layya."

Bai ƙara ba. Matata ta shimfiɗa tabarma, ya ce sauri yake. A tsaye ya gaya mata saƙon da ya kawo shi, na sunan da za a yi a gidan yayanta. Ni ina gindin famfo ina ta cuɗa hannu da ƙasa, kunnuwana kamar an ɗora musu garwashi. Ko rakiyar kirki ban iya yi masa ba.

Asabar ɗin da ta biyo na sa kwikwiyon a kwali, na ɗaure bayan moto, ɗan babur ɗina, sai Jiratawa. Can na ƙarasa darussan tsakanin layukan zogale, da ƙuli-ƙuli, kuma ko can sai na waiga kafin in buɗe baki. Ya girma, yana zuwa in an kira shi, awaki sun sake hanya.

Alhaji bai sake tayar da zancen ba. Amma ran sunan, ina cire takalmi, ƙanen matata ya ce, "Mushe, ya ɗalibi?" Rumfa ta ɗauki dariya. Matata ta rantse ba daga bakinta aka ji ba. Na nemi wuri can ƙarshen tabarma na zauna, ko kwanon da aka ajiye mini ban buɗe ba.