Dutsen Kabarin Baƙon Teku

Munsif ya tsufa yana sassaƙa sunaye a kan duwatsun kaburbura, a wani garin masunta da ke kudancin Tunusiya. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da shi da dutsen ba ta san wanda ya fi taurin kai ba. Tun da ɗansa Nizar ya shiga kwalekwalen masu tsallakawa Turai, aka daina jin ɗuriyarsa, abin ya ƙaru. Ba ya ɗora guduma a kan kalmar da ba ta kwanta masa ba.

Wata safiya teku ta turo gawar wani saurayi, ba takarda, ba wanda ya san shi. Masunta suka yi masa sutura, suka ce a rubuta dutsen da Larabci da Turanci, tunda iyayen irin waɗannan yara daga nesa suke duba hotunan kaburbura a waya. Munsif kuwa ko "zo in kashe ka" ba ya ji da Turanci. Sai ya kira 'yarsa Wisal, malamar Turanci a makarantar garin.

"Baba, ai da sauƙi," in ji ta. "Akwai kalmar da ake sawa, ma'anarta wanda ba a sani ba."

"Mu ne ba mu san shi ba. Uwarsa fa? Kawo wata."

"Akwai mai nufin ko wane ne."

"Ɗan dako nake nema a kasuwa? Wata."

"To, marar suna."

"An yanka masa rago, yarinya. Yana da suna."

"Wallahi Baba, masu yaren ma ba su kai ka tsirfa ba!"

"Ba su za su riƙe gudumar ba."

Haka dutsen ya yi kwanaki jingine da bango. Masunta in sun wuce sai su ce, "Baffa Munsif, ko sai mamacin ya taso ya faɗa maka da bakinsa?" Ko kallo ba su ishe shi ba. Abin dai yana cin sa a rai, don ya rantse ba za a kafa wa yaron nan dutsen da uwarsa za ta karanta ta ji kamar an yar da shi ba.

Ran Juma'a ya je zuba ruwa a kan kabarin, sai ya tuna ranar jana'iza. A garinsu liman yakan kira mamaci da sunan mahaifiyarsa, yana tuna masa kalmar shahada. Da aka rasa sunan, cewa ya yi, "Ya kai ɗan Hauwa'u."

Munsif ya dawo da sauri, ya tarar da Wisal tana shan shayi.

"Yarensu yana da yadda ake cewa ɗan wata uwa ne?"

Ta ajiye kofin. Ba ta yi musu ba, don ta san wanda yake tunawa. Ta ɗauki alli ta zana kalmomi biyu na Turanci masu wannan ma'anar a kan dutsen. Shi kuma ya bi zanen da kurfi da guduma, harafi bayan harafi, bai san sunan ko ɗaya ba.

"Baba, ka zurfafa da yawa."

"Iskar gishiri tana cin rubutu, uwar kuma tana iya daɗewa ba ta gani ba." Ya hure ƙurar. "Ɗauki hoton ki sa a wayar nan taku. Ƙila can tsallake akwai wani tsoho riƙe da guduma, bai san abin da zai rubuta wa Nizar ba."