Tsohon Injin Zuƙar Kaɗa da Sabo

Rani shida na yi ina riƙon tiyo a ma'aikatar gurzar kaɗa da ke bakin garin Madawa. Kaɗa muke cewa, wasu su ce auduga. Da mun gama girbin hatsi a Azarori sai in naɗe tabarmata in sauko, in bar mata da ɗiya guda a gida. Aikina shi ne in hau bayan kamyo, wato motar kaya, da ya zo shaƙe da kaɗa daga fadamun Karofane ko na Keita, in kama bakin wani tiyon ƙarfe mai faɗin turmi da ke rataye daga sama, in riƙa zagayawa da shi yana zuƙe kaɗar. Iska ke kai ta cikin ginin, a raba ta da gurya, a matse ta dila-dila, a ɗaure da waya.

Injin da ke zuƙar yana can cikin wani ɗakin siminti a bayan ginin, kuma duk tiyon da ke ma'aikatar gare shi yake komawa. Mai kula da shi wani dattijo ne daga wajen Keita, kullum da rawani ya rufe baki kamar yadda iyayensa suka yi tun zamanin da suke ƙarƙashin mutanen hamada. Baba muke ce masa, mu duka.

Injin da na tarar tsoho ne, baƙin ƙarfe, ya kai girman raƙumi durƙushe. Moter na gefe guda, fanka na gefe guda, wata ɗamarar roba mai faɗi ta haɗa su. A ƙugunsa akwai farantin tagulla da rubutunsa ya goge, sai ƴan lambobi. In an tashe shi, gurnaninsa a tafin ƙafa ake fara jin sa. In tiyo ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa, ɗamarar takan sulluɓe ta yi ƙara, zuƙar ta mutu, kowa ya san akwai matsala.

Tsakanin kamyo da injin akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tiyon. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, kuma a ƙasa manoma ke tara kaɗa. Kaɗar takan bi iska ta wuce, abu mai nauyi ya faɗa akwatin. Kowace la'asar Baba yakan buɗe shi ya juye: tsakuwa cike da ƙwarya, ƙusoshi, wata rana har da ɗan kunnen azurfa.

A rani na huɗu, wajen ƙarshen shekarun saba'in, aka kawo sabon inji cikin akwatin katako. Kore ne, bai kai rabin tsohon ba. Ba shi da ɗamara, fankar a jikin moter take, an rufe su ruf da ƙusoshi masu shan mabuɗi. Farantinsa fari ne, rubutu raɗau, na karanta abin da ɗan karatuna na lakwal, wato boko, ya iya kaiwa, sauran ya gagare ni. Ba ya gurnani, sai wani siririn fito kamar na sauro. Kamyon da tsohon ke ƙarewa daga hantsi zuwa azahar, wannan kafin rana ta take ya share shi. Ranar farko ya ɗauke mini hula. Rana ta uku ya cafki hannun rigata har kafaɗa, sai da na dafa ƙafa a jikin kamyo na fizge, shi kuwa fitonsa bai ko canza ba.

Da la'asar ɗin nan na tarar da Baba tsugune gaban akwatin. Tsakuwa ba ta fi cikin tafi ɗaya ba.

Na ce, "Baba, kaɗar bana ta fi tsabta ke nan?"

Ya ce, "Duwatsun Adar ba su ƙare ba, ɗana. Wanga inji ya fi ƙarfin akwatin. Wucewa suka yi."

"Su tafi ina?"

"Su iske ƙarfe. Ka taɓa hura wuta da ƙyastu?"

Na taɓa. Dutse ne da ƙarfe da ɗan kaɗa. Ban sake tambaya ba.

Baba ya kai maganar wurin shef ɗinmu, shugaban ma'aikatar, wani matashi mai karatu, ba mugu ba ne. Ya saurara, ya duba takardun injin, ya ce zai rubuta wa manyansa. Aiki ya ci gaba. Kwana goma sha wani abu ina riƙe da tiyon nan, kunnena na kan ƙarfe.

Wata Laraba da hantsi, ina share ƙasan wani kamyo, na ji abu ya shige: ƙararas, ƙararas, yana dukan tiyo yana tafiya. Na jira in ji ya faɗa akwati. Bai faɗa ba. Can daga cikin ginin na ji ƙas. Na tsaya da tiyo a hannu, ina cewa a raina wataƙila ba komai. Sai da na ƙare kamyon na sauka na faɗa wa Baba. Ya kashe injin ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Aka buɗe tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, aka shinshina. Ba hayaƙi. Shef ya yi ajiyar zuciya, amma Baba ya ce da mun ga hayaƙi da ya fi. Ya ce tartsatsi in an matse shi cikin dila ba ya mutuwa, ci yake a hankali daga ciki, kwana biyu, kwana biyar, waje fari fat. Ya sa aka mirgina duk dilolin da aka matse tun hantsi zuwa fili, nesa da sito. Tara aka matse. Takwas muka samu. Ɗaya an riga an cika lodin wata babbar mota da ita, ta kama hanyar kudu. Shef ya je gidan waya ya kira gaba, aka ce motar ta wuce, ba a ga komai ba.

Kwana uku dilolin nan na fili, a jere, cikin sanyi. Safe da la'asar Baba yakan bi su yana dafa tafinsa a kan kowace, ya sauke rawani ya kai hanci. Ban taɓa ganin bakinsa ba sai lokacin. Masu aiki suka daina hira. Mai kawo mana fura ta daina bi ta filin, ta koma zagayowa ta bayan sito.

Ranar Asabar ya daɗe da tafinsa a kan ta shida, ya kira ni in taɓa. Ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ga wani wari na tsumma ƙonanne. Aka jero bokitan ruwa da yashi, ya kore mu baya, ya datse wayar da kansa. Dilar ta buɗe. A tsakiyarta akwai baƙin rami mai girman masaki, kuma da iska ta taɓa shi sai wuta ta tashi sama da tsawon mutum. Muka kashe ta. Kowa na hamdala, shef har da rungumar Baba.

Baba ya janye ni gefe. Ya ce, "Ƙas nawa ka jiya?"

Na ce, "Guda, Baba."

Ya dube ni, ya mayar da rawaninsa. Gaskiyar magana, bayan na farkon na ji wani, ƙarami. Tsoro nake kada a tambaye ni dalilin da ya sa ban sauka nan take ba.

Bayan kwana tara direban motar ya dawo a motar wani, hannunsa na dama naɗe da ƙyalle. A rana ta biyu ta tafiyarsa, da azahar, ya hangi hayaƙi a madubi. Ya hau ya yi ta ture diloli da hannu har wutar ta fi ƙarfinsa. Kaya da mota duka sun ƙone. Mutane suka ce taba yake sha, shi ya jawo.

Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba, sannan na sami Baba a ɗakin injin na ce masa biyu ne. Ya ce ya sani. Ya kama hannuna ya kai ni gaban shef, na maimaita, shef ya rubuta ya aika. Ba a kore ni ba, kuma aka daina maganar taba. A makon nan Baba da wani mai walda suka ƙera akwati mai zurfi ninki biyu, suka buɗe ƙofa a jikin tiyon don rage ƙarfin iska. Tsakuwa ta koma cika ƙwarya. Tsohon injin an fitar da shi gindin dogon yaro, daga baya maƙera suka yanke shi.

Ni kuma na yi rani biyu a gaba, ban sake barin bakin tiyo ya taɓa ƙasan kamyo ba. Da hannu nake kwashe ragowar ina tsincewa, ko da direbobi na yi mini tsawa.

Yatsun direban nan uku ba su sake miƙewa ba, ya bar tuƙi. Albasa ya koma saidawa a kasuwar Madawa. Na yi shekaru ina kauce wa layinsa, har wata rana shi ya kira ni, ya tambayi mutanen Azarori da yadda damina ta yi. Na saya, ya ƙara mini gyara da hannun hagu.